Dakta Baraka da Masu Man Gyaɗar Gobarau

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da gidan su Baraka a Ƙofar Sauri, ita ma katangar ba ta amsa sunanta ba, don tun muna 'yan shekara bakwai muke ɗarewa kanta mu zauna muna gurgurar ƙuli-ƙulin da muka ɗebo daga farantin innarta. Ni sunana Rashida, Hausa nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a nan cikin Katsina. Ita kuwa yanzu Dakta Baraka Abbas ake ce mata, tana koyarwa a jami'a, tana kuma bincike a kan ƙwayoyin halittar jikin mutum da yadda suke rikiɗewa su zama ciwon daji.

Mahaifinta, Malam Abbas, hatsi yake sayarwa a Babbar Kasuwa: gero, dawa, masara da gyaɗa. Mahaifiyarta, Inna Sabuwa, man gyaɗa take matsa, ta soya ƙuli-ƙuli da tunkuzar. Gidansu kullum cikin ƙamshin suya yake, har littattafan Baraka ƙamshin gyaɗa suke yi, 'yan ajinmu suna yi mata tsiya da haka, ita ko a jikinta.

Muna aji uku na sakandare malamar kimiyya ta sa kowa ta kankaro cikin kumatunta da tsinke, ta shafa a gilashi, aka ɗiga wani shuɗin ruwa, aka sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ni da na leƙa, 'yan ɗigo-ɗigo na gani, na matsa. Baraka kuwa ta ƙi tashi. Aka yi ta zungurinta, layi ya taru a bayanta, sai ta ɗago ta dubi malama.

"Malama, wai duk waɗannan ni ce?"

Aji ya kwashe da dariya. Malama ta ce, "Ke ce, kuma wannan ko ƙura ba ki gani ba cikin abin da ke jikinki."

Daga ranar ba ta sake zancen zama wani abu daban ba. Ta yi digirinta na farko a Zariya, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyu, sannan ta samu gurbin karatu a Malesiya. Shekara huɗu ta yi can tana kallon ƙwayoyin hanta, tana neman gane abin da ke sa ƙwaya lafiyayya ta daina jin magana, ta yi ta rabuwa biyu-biyu ba tsayawa har ta zama ƙari. A shekarar 2017 ta dawo gida.

Satin farko da dawowarta, matan unguwa suka yi mata layi a tsakar gidan Inna. Wannan ciwon gwiwa, waccan hawan jini, wata ta zo da ledar magunguna a duba mata. Baraka ta yi ta ba su haƙuri, tana cewa ita ba likitar da ke duba marar lafiya ba ce, su tafi asibiti. Da suka watse Inna Sabuwa ta tasa ta gaba.

"To ke daktar mi ce? Ba ki yin allura, ba ki rubuta magani. Shekara huɗu mi kika je yi?"

"Inna, ni ina duba abin da ke kawo ciwon ne tun daga tushe."

"To Allah shi sa a gani," in ji Inna, ta ci gaba da juya tunkuzarta.

Shekara guda ta yi tana koyarwa, ɗakin gwajin da aka ba ta kuwa tebura ne da madubi biyu da firiza ɗaya. Ana haka wata rana wani likita ya yi mata sallama a ofis. Sunansa Dakta Muttaka, ƙwararre ne a cututtukan ciki da hanta a ɗaya daga cikin manyan asibitocin garin, dogo ne mai saurin magana. Bayan sun gama gaisawa, ya tambayi gida da yara da aiki da gajiya, sai ya zube mata wasu takardu a kan tebur.

"Dakta, an ce mani ke hanta kika karanta. Duba shekarun mutanen nan. Talatin da biyar, arba'in, talatin da takwas. Magidanta ne da ƙarfinsu, duk ciwon dajin hanta. Kuma ba sa zuwa sai ciki ya kumbura, lokacin babu abin da zan iya yi masu sai rage zafi. Ni na san yadda ake duba su. Abin da ban sani ba shi ne mi ke jawo shi da wuri haka."

Baraka ta ce a ba ta ɗan abin da ake cirowa daga hantar don gwaji, in marasa lafiyar sun yarda. Suka nemi izini a rubuce daga hukumar asibiti, suka riƙa yi wa kowane marar lafiya bayani kafin ya sa hannu. A cikin wata goma suka tara samfuri arba'in da biyu.

Sai dai abin da take son dubawa yana can cikin ƙwayar, wato rubutun gado da kowace ƙwaya ke ɗauke da shi, kuma na'urar da ke karanta shi babu ita a wurinta. Nan ta tuna da wata 'yar Senegal, Farfesa Kumba, da suka haɗu a wani taron masana, suka zauna kujera ɗaya a motar da ke kai su masauki. Ta rubuta mata. Kwana biyu sai ga amsa: ki aiko, na'urarmu a Dakar tana nan, amma da sharaɗin in kin gano wani abu mu bi shi tare. Aka shirya samfuran cikin akwatin sanyi, aka cika takardun fitar da su, aka aika.

Ranar da sakamakon ya fito ina ofishinta, na je karɓar wani leshi da ta sayo mani. Wayarta ta yi ƙara, fuskar Farfesa Kumba, wata mata mai gilashi da ƙaton ɗankwali, ta bayyana, suka yi ta Turanci. Na ga Baraka ta jawo biro tana rubutu a bayan ambulan. Da suka gama ta ci gaba da kallon abin da ta rubuta, ta manta da ni.

"Lafiya?" na ce.

"Rashida, cikin arba'in da biyu, ashirin da bakwai tabo iri ɗaya gare su, a wuri ɗaya cikin rubutun gadon. Masana sun daɗe da sanin tabon nan. Wata guba ce ke barin shi, gubar da fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masara in an adana su da danshi. In mutum yana da ciwon hanta a jininsa kuma yana cin gubar, hatsarin ya ninka."

"Gyaɗa?"

"Gyaɗa. Abin da aka ciyar da ni, aka yi mani karatu da shi."

Ba ta ɓoye wa iyayenta ba. Malam Abbas ya saurara, ya ce ai kowane ɗan hatsi ya san buhun da ya sha danshi, sai dai ba su san abin ya kai nan ba. Inna Sabuwa ce ta ji zafi.

"Shekara arba'in ina sana'ar nan, yau ɗiyar cikina za ta ce guba nike ba mutane?"

Baraka ba ta yi gardama ba. Ta sayi ƙuli-ƙuli daga wurare ashirin a cikin gari, ta haɗa da na Inna, ta sa masu lamba maimakon suna, ta ba ɗalibanta su gwada. Na Inna ya fito cikin uku mafi tsabta. Da aka gaya mata sai ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Yo da fa? Ni da nike zama in tsince gyaɗata ɗaya bayan ɗaya? Motsattsa, da mai baƙi, da wadda ƙwaro ya huda, duk ba sa shiga turmina."

Wannan maganar ce ta buɗe wa Baraka hanya. In tsinta tana rage gubar haka, to maganin rabin matsalar yana hannun mata, ba a kantin magani ba. Inna ta haɗa ta da Hajiya Jummai, shugabar ƙungiyar mata masu man gyaɗa, wadda gidanta ke wani lungu kusa da hasumiyar Gobarau. Dattijuwa ce gajera mai murya, in ta yi magana a tsakar gida ana ji daga zaure.

Taron farko bai yi kyau ba. Mata wajen talatin suka zauna a tabarmi, Baraka ta buɗe kwamfuta tana nuna zane-zane, rabin maganarta Turanci. Ba a yi minti goma ba aka koma hirar biki. Wata daga can baya ta ce ita dai ta ji an ce an zo a kashe masu sana'a ne. Hajiya Jummai ta ɗaga hannu aka yi tsit.

"Ɗiyata, mun ji Turanci, Allah shi ƙara ilimi. Ki je ki dawo ki faɗa mana da Hausa."

Bayan la'asar sai ga Baraka a gidana, ko mayafi ba ta cire ba ta zube a kujera tana dariyar kanta.

"Malama Rashida, yau an mayar da ni aji ɗaya. Ki taimake ni."

Mako uku muka yi muna zama. Ita ta yi mani bayani, ni in ce ban gane ba, ta sake, har sai maganar ta zama wadda za a iya faɗa wa kakata. Mun yi musu sosai. Ta ce kalmar kaza ba ta yi daidai ba a ilimance, na ce daidai ɗin da ba a gane ba ina amfaninsa. Wani wurin ta bi ni, wani wurin na bi ta.

A taro na biyu ba ta zo da kwamfuta ba. Madubin nan na ɗakin gwaji ta rungumo a keke napep, ta ajiye a kan turmin da aka kife. Ta ce a ba ta gyaɗa ɗaya daga cikin wadda aka tsince aka ware. Ta fasa, ta kankari ɗan koren da ke ciki, ta sa a gilashi, ta ce Hajiya ta fara leƙawa. Hajiya Jummai ta rufe ido ɗaya ta duƙa. Sai ta yi baya da sauri.

"Innalillahi! Wannan ai kurmi ne guda! Duk a cikin gyaɗa ɗaya?"

Nan fa mata suka yi caa, kowa tana son gani. Da aka natsu Baraka ta yi bayaninta, aka saurara har ƙarshe. Ta ce abin da take roƙo shi ne a tsince gyaɗa da kyau kafin a soya. Hajiya Jummai ta kalle ta.

"Tsinta ai muna yi, da yawanmu. Amma ke da kika yi karatu, kin san inda wadda aka tsince take tafiya?"

"Ba zubarwa ake yi ba?"

Matan suka yi dariya. Hajiya ta ce, "Wa zai zubar da gyaɗa? Masu ƙaramin ƙarfi ke saye da araha. Su soya, su yi ƙuli-ƙulin da ake kai wa ƙofar makaranta, ko su dama kunu da ita. In kin ce mu ƙara tsinta ba ki ce ga inda za a kai ta ba, kin tattara gubar ne kin miƙa wa talaka."

Baraka ta ciro biro ta rubuta maganar. A hanyarmu ta komawa ta ce mani duk takardun da ta karanta a kan wannan guba, ita dai ba ta ci karo da wanda ya yi wannan tambayar ba.

Mafitar ma daga wurin Hajiya ta fito. Ta ce a matse man tsintacciyar gyaɗar daban, a yi sabulun wanki da shi, tunda akwai mata a ƙungiyar da suka iya, tunkuzar kuma a binne ta, kada a ba ko kaji. Haka ba wadda za ta ce ta yi asara. Baraka ta kira Farfesa Kumba ta gaya mata, suka sake tsara binciken gaba ɗaya.

Da kaka ta zo aka fara. Gida arba'in suka shiga. Rabi suka ci gaba yadda suka saba, rabi suka bi sabon tsari: shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, tsinta sau biyu, da ɗora buhu a kan katako nesa da bango. Malam Abbas ya jawo 'yan layinsu bakwai a kasuwa suka yi haka a rumfunansu. Wasu 'yan kasuwar sun ƙi, suka ce tun kakanninsu a ƙasa ake jibge buhu, har yau kuma akwai waɗanda ba su sauya ba. Matan da kansu suke ɗibar samfuri duk mako biyu. Da yake da yawansu ba su yi boko ba, sai aka ba kowane gida zare mai launinsa a ɗaure bakin leda da shi, Hajiya Jummai kuma tana rubuta ranar da sunan gida da ajami, ni in mayar da shi boko. Bayan wata shida, gubar da ke cikin ƙuli-ƙulin gidajen sabon tsari ba ta kai rabin ta sauran ba.

Dakta Muttaka shi ma bai zauna ba. Ya kafa rumfa a bakin Babbar Kasuwa Asabar huɗu a jere, ana gwada jini kyauta don gano masu ɗauke da ciwon hanta. Mutum fiye da ɗari shida suka zo. Waɗanda aka samu da shi aka sa su a layin kulawa, aka kuma ce su kawo iyalinsu a yi masu rigakafi.

Cikin waɗanda suka zo akwai Ɗanliti, mai ɗinkin buhu a layin 'yan hatsi, magidanci mai 'ya'ya biyar. Shi da bakinsa ya ce inuwa ya shigo sha, sai ya ji kunyar fita ba a tsaga masa yatsa ba. Aka samu ciwon a jininsa. Da aka yi masa hoton ciki sai ga ɗan ƙari a hantarsa, bai kai goro ba, shi kuwa ko ciwon kai ba ya yi. Dakta Muttaka ya tura shi wani babban asibiti aka yanke wurin. Wata uku ya dawo bakin aikinsa. Tun daga lokacin duk wanda ya ce yana tsoron gwaji, sai Ɗanliti ya ajiye basilla ya ɗage riga a tsakiyar kasuwa.

"Ka ga ɗinkin nan? Ni da nike ɗinka buhu, ni aka ɗinke, kuma ga ni ina cin tuwo. Wuce ka je a duba ka!"

Dakta Muttaka yakan ce a shekarunsa na aiki, Ɗanliti ne mutum na farko mai wannan ciwon da ya gani kafin lokaci ya ƙure.

A shekarar 2022 aka buga sakamakon a wata mujallar masana ciwon daji. Sunaye bakwai ne a saman takardar: Baraka, Dakta Muttaka, Farfesa Kumba, ɗalibai biyu, ni, da Hajiya Jummai. Editan ya rubuto yana tambayar wace cibiyar bincike ce Jummai take aiki. Baraka ta amsa masa: Ƙungiyar Mata Masu Man Gyaɗa, Gobarau, Katsina. Haka aka buga. Ta kai wa Hajiya kwafi, ta nuna mata sunanta da yatsa. Hajiya ta sa aka yi masa firam ta rataye a ɗaki.

Bayan haka wasiƙu suka fara zuwa. Wasu masu bincike a Maraɗi suka nemi a turo masu tsarin zaren nan mai launi da bayanin da muka yi da Hausa. Wasu daga arewacin Ghana suka ce sun je sun tambaya, su ma tsintacciyar gyaɗarsu wurin marasa ƙarfi take ƙarewa, kuma ba su taɓa lura ba. Baraka ta gaya wa Hajiya cewa masana sama da sittin a ƙasashe daban-daban sun ambaci aikin a nasu rubutun.

"Sittin?" in ji Hajiya. "To cikinsu ba wanda ya aiko da gaisuwa?"

Duk da haka Baraka ba ta yarda a yi mata kirarin da bai dace ba. Da wani gidan rediyo ya gayyace ta, mai gabatarwa ya ce ga wadda ta kori ciwon dajin hanta daga Katsina, sai ta tare shi. Ta ce abin da suka nuna shi ne an iya rage gubar a abinci, an kuma gano wasu masu ciwon da wuri. Ko ciwon dajin kansa zai ragu, wannan sai an yi shekara ashirin ana ƙirgawa, kuma watakila ɗalibanta ne za su ba da amsar.

Bara Farfesa Kumba ta zo Katsina da kanta. Muka kai ta gidan Hajiya Jummai. Ba ta jin Hausa, Hajiya ba ta jin Faransanci ko Turanci, amma sai da suka yi minti biyar suna gaisawa, kowace da harshenta, hannu cikin hannu. Ana cikin hira Farfesa ta hango faifan gyaɗa a gefe, ta tuɓe takalmi ta zauna a tabarma ta jawo shi. Kafin a ankara ta tsince rabin faifan, yatsunta kamar kaza na tsattsagar gero. Ashe kakarta manomiyar gyaɗa ce, a gona ta tashi. Hajiya ta tafa hannu.

"Ku gaya mata in ta gaji da farfesanci, akwai wuri a ƙungiya!"

A zuwan nan ne suka ƙulla sabon aiki. Farfesa ta ɗauki ɗaliban Baraka biyu zuwa Dakar su koyi karanta rubutun gado, ita kuma ta turo nata ɗaya ya koyi aiki da mutanen gari. Yanzu hankalin Baraka ya koma kan ciwon dajin nono. Ta ce yawancin ƙwayoyin da ake gwada magunguna a kansu a duniya ba daga jikin matanmu aka samo su ba, don haka take rainon wasu ƙwayoyin da aka samo daga jikin matan garin nan da suka ba da izini, a cikin 'yan kwalabe masu jan ruwa, a wani akwati mai ɗumin jikin mutum.

Ranar ƙaramar Sallar da ta wuce, muna gidan Inna Sabuwa da hantsi ana cin tuwon shinkafa, sai Baraka ta dubi agogo ta miƙe tana neman makullin mota.

"Ina kuma za ki yau Sallah?" in ji Inna.

"Zan je in ba su abinci, Inna. Kwana biyu ke nan, in ban sauya masu ruwa ba za su mutu."

"Su wa?"

"Ƙwayoyina."

Inna ta girgiza kai, ta ce in raka ta kada ta daɗe. Haka muka tafi cikin kwalliyar Sallah, jami'a ba kowa sai masu gadi. Ta ɗora farar riga a kan leshinta, ta sa safar hannu a kan lallen da aka yi mata a jajibere, ta zauna tana zuƙe tsohon ruwan tana zuba sabo, kwalba bayan kwalba. Ni ina daga bakin ƙofa, don ta hana ni matsowa da turarena. Da ta zo kwalba ta shida ta sa ta a ƙarƙashin madubi, ta daɗe tana kallo, sannan ta yafito ni.

"Wanke hannu ki zo ki gani. Wannan wata uku tana ƙin yaɗuwa, yau ta kama."

Na wanke hannu na je na leƙa. Ƙwayoyin sun bazu a gindin kwalbar, manne da juna, wasu har sun fara rabuwa biyu. Ta rubuta kwanan wata a littafinta, ta mayar da kwalbar cikin akwati, muka kulle ɗakin muka koma, don akwai gidaje huɗu da ba mu je gaisuwar Sallah ba tukuna.